Mai Aljihu

Tun ranar da Kaka ta tare a gidan ɗanta, can saman wani dogon bene mai matattakala duhu, ta gane ita da matar ɗan nan ba za su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ba wai yarinyar ba ta da ladabi ba ne. Tana gaisuwa har ƙasa, tana kawo abinci a kan kari, tana cewa "Mama" da murya mai laushi. Aibunta guda ne, amma a idon Kaka ya isa aibi: ba ta zubar da komai.

Kwalin taliya, kwalin sabulu, kiret ɗin ƙwai, murafun kwalba, gwangwanin madara, safar da ta rasa 'yar'uwarta, duk suna da ranarsu a wurinta. Kwali ya zama mota, murafu su zama tayoyi. Kiret ɗin ƙwai a yanka shi a shafa masa kala ya zama tsutsa mai ido biyu. Ta dama fulawa da ruwan zafi ta ce gam ne, ta zaunar da 'yarta a tsakar falo suna liƙe-liƙe har gidan ya koma kamar an yi ɓarin shara. Kaka ta raɗa mata suna Uwar Bola. Da farko a zuci take kiranta haka, daga baya sunan ya fara suɓuce mata a fili.

Da a ɗakinta take tara tarkacen, da da sauƙi. To gidan ɗaki biyu ne da falo. Ɗaya na masu gida da jaririnsu, ɗaya na Kaka da jikarta, wata 'yar firit mai baki kamar reza da ake kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta. A wannan ɗaki na biyu kwalayen suke kwana, a saman kabad, a bayan ƙofa, har gefen gadon tsohuwa. Kullum Kaka ta buɗe ido, abin da take fara gani shi ne hoton taliya.

Sai kuma kayan ƙwalama. Tun da aikin maigidan ya ja baya, surukar ta daina sayen biskit ɗin shago. Burodin da ya kwana ya bushe sai ta dinga danna masa bakin kofi tana fitar da shi zagaye-zagaye, ta shafa ɗan mai, ta barbaɗa sukari, ta gasa a kasko har ya yi ƙamas. Ayabar da ta nuna ta yi baƙi sai ta dame ta da fulawa da ƙwai, ta zuba a gwangwanayen madara, ta gasa, ta ce kek ne. Yaran benen nan kaf sun san ƙamshin, sukan yi layi a bakin ƙofa kamar masu jiran allura.

"A zamaninmu," in ji Kaka, tana magana da bango, "in burodi ya bushe kaji ake watsa wa. Yau ga jikokina sun zama kajin."

"Mama, ki ɗanɗana mana ko ɗaya ne," in ji surukar.

"Allah ya sawwaƙe. Haƙorana ba su yi mini laifin komai ba."

Gaskiyar magana, in falo ya zama babu kowa, faranti yakan ragu da ɗaya ko biyu. Surukar ta sani, ba ta taɓa cewa komai ba, wannan shirun kuwa ya fi komai ƙona wa Kaka rai.

Makamin Kaka a wannan zama amsa ce guda ɗaya, ta wasa ta har ta yi kaifi. Ko me surukar ta tambaye ta, ko za a dafa shinkafa, ko za a wanke labule, ko za a matsar da kujera, ba ta bari a kai ƙarshen magana. Sai ta kawar da kai ta ce, "Ki yi yadda kika ga dama, ai gidanki ne." Ta faɗe ta har ta daina sauraron tambayar ma. Da ta ji muryar yarinyar ta ɗauko salon tambaya, amsar ta riga ta fito.

Abu ɗaya ne Kaka ta mallaka a gidan nan wanda ba wanda ya san da shi. Mijinta direban bas ne, ya rasu tun kafin a haifi Ɗigo. Da aka zo rabar da kayansa ga mabuƙata, ɗan nan nata ya kwashe komai, har takalma. Ita kuwa ta faki ido ta zare riga ɗaya, rigar aikinsa, shuɗiya mai fararen layuka, wuyanta ya ci, gwiwar hannunta ta sha faci. Kunya ta hana ta ajiyewa a akwati, kada a gani a ce tsohuwa da ita tana ɓoyon rigar miji. Sai ta cusa ta can ƙasan wani buhun tsummoki, ta tura ƙarƙashin gado, inda ta tabbata ba mai sha'awar leƙawa. Ba ta taɓa wanke ta ba. In zaman gidan ya ishe ta, takan tura ƙofa, ta jawo buhun, ta sa fuskarta a wuyan rigar. Warin man mota da zufarsa sun yi nisa ƙwarai, amma ita tana jin su.

Ana nan sai 'yarta da ke aure a wani gari ta kwanta rashin lafiya, aka ce Kaka ta je ta yi jinya. Ranar tafiya mai tasi yana ta danna oda a ƙasa, Kaka tana neman maganin idonta, jariri yana tsala ihu. Surukar ta leƙo ɗakin ta fara wata tambaya. Abin da aka tambaye ta Kaka ba ta ji ba, ba ta kuma nemi ji ba.

"Ki yi yadda kika ga dama, ai gidanki ne," ta ce, ta suri jakarta ta sauka.

Ta yi makonni a can. Ranar da ta dawo, tana hawa matattakala tana haki, sai ga Ɗigo ta sheƙo da gudu tana "Kaka oyoyo!", da wani abu rungume a ƙirjinta.

"Kaka, kin ga Mai Aljihu! Umma ce ta ɗinka mini. Gaishe shi."

'Yar tsana ce ta tsumma, mai ƙaton kai da gajerun ƙafafu. An liƙa mata maɓallai biyu a matsayin idanu. A cikinta kuma ga aljihu, aljihu na gaske, da wani tsohon tabo a kusurwarsa. Shuɗiya ce mai fararen layuka.

Kaka ta saki jakar, ta bar ta ta gangara matattakala ita kaɗai. Ba ta ko waiwaye ta ba. Ta wuce yarinyar, ta wuce surukar da ta fito tana mata sannu da zuwa, ta durƙusa a gaban gado da gwiwoyinta masu ciwo, ta jawo buhun. Ya yi shakwaf. Ta zazzage shi a ƙasa, ta tona, ta sake tonawa. Sannan ta miƙe, ta juya ga surukar.

"Ke! Wa ya ba ki izinin taɓa buhun nan?"

"Ke ce, Mama. Ranar da za ki tafi na ce tsummokin ƙarƙashin gado in ɗiba in yi wa Ɗigo abin wasa, kika ce in yi yadda na ga dama."

"Ƙarya kike yi!"

"Wallahi Mama haka aka yi. Ina tsaye a nan bakin ƙofa."

"Rigar mijina ce! Rigar uban mijinki kika sa wa almakashi, don baƙin tsumulmula, don kada ki sayi 'yar tsanar kasuwa kamar kowace uwa! Bola ta cika miki ido har ba kya bambance tsumma da suturar mutum!"

Surukar ta dafe ƙirji. Idonta ya kawo ruwa, ta durƙusa ta ce, "Don Allah Mama ki yi haƙuri. Da na sani ko da wasa ba zan taɓa ba. A cikin tsummoki na same ta, ga ta duk ta mutu, ban..."

"Ta mutu? Ke ce za ki faɗa mini abin da ya mutu?"

Da ɗan ya dawo daga aiki da yamma ya tarar da gida kamar an yi gobara an kashe. Ya saurari uwarsa, ya saurari matarsa, ya karɓi 'yar tsanar ya jujjuya ta a hannu. Kaka ta zuba masa ido tana jiran ta ga fuskarsa ta canza. Ai daga wannan aljihun ya sha alewa tun yana rarrafe. Kullum uban ya dawo daga tuƙi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya manta bai sayo komai ba, yaron ya dafe shi ya zura hannu a aljihu ya zaro. Tabon nan ma na alewar da ta narke ne wata ranar zafi.

"Wace riga ce wannan ɗin?" ya ce. "Ni fa ban tuna ta ba. Mama, ki yi haƙuri, tsautsayi ne. Kuma in an duba ai tsumma ne, gara ma da yarinya ta amfana."

Maganar surukar ba ta yi mata ciwon wannan ba. Kaka ta ce, "To a ba ni abina."

"Me za ki yi da 'yar tsana, Mama?"

"Ba ruwanka. A ba ni."

Ɗigo ta fizge Mai Aljihu daga hannun ubanta ta ɓuya a bayan uwarta. A nan ne surukar, wadda ba ta taɓa yi wa Kaka musu ba, ta ɗago kai.

"Mama, na yi laifi, na kuma ba ki haƙuri, zan ƙara ba ki har ki gaji. Amma ba zan ɓamɓare abu daga hannun yarinya ba. Da shi take barci, da shi take cin abinci. Ita ba ta yi miki komai ba."

Ɗan ya ce bari ya ɗan sauka ya sayo katin waya, bai dawo ba sai da ya tabbata an gama.

Daga ranar aka ja daga. Kaka ta daina amsa gaisuwa. Ta kwashe kwalayen ɗakinta ta watsa su a falo, motar Ɗigo ta kwali ma ta bi ta kai da ƙafa, ta ce ba ta gani ba, ido ya yi rauni. In maƙwabciya ta shigo, sai Kaka ta saki baki tana gugar zana: wai akwai matan da in ka yi barci da nauyi za ka farka ka ga an yanka zanen jikinka an yi wa yara ƙwallo. Surukar ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, sannan ita ma ladabin nata ya fara tsufa. Ta daina cewa a ɗanɗana. Ta koma rufe farantin biskit a kabad ɗin kicin. Wata rana Kaka ta tambaye ta, a daƙile, ko za ta iya shanya a igiyar baranda.

"Ki yi yadda kika ga dama, Mama," in ji surukar, ba ta ko juyo ba.

Kaka ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ba ta taɓa sanin haka maganar take da ɗaci a kunne ba, sanin kuwa bai sa ta sauko ba, ƙara tunzura ta ya yi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kallon rigar kullum. Ɗigo tana jan Mai Aljihu da ƙafa ɗaya daga ɗaki zuwa falo, kansa yana share ƙasa. Tana goge majina da shi. Tana zama a kansa. Duk abin da aka ba ta na ƙwalama sai ta gutsura ta cusa masa a aljihu, wai shi ma yana jin yunwa, har kiyashi suka gane hanya. Rigar da Kaka take ninkewa da hannu biyu, ita ce yau ake wurgi da ita a bayan kujera. Takan ji kamar mijin nata ake ja a ƙasa, ita kuma tana zaune tana kallo.

Ta fara lallaɓar yarinyar. "Ɗigo, ba ni shi in saya miki babba, mai gashi, mai rufe ido."

"Ba na so. Mai rufe ido ba shi da aljihu."

"To ara mini shi na yini ɗaya."

"Ke ba ki iya riƙe shi ba. Kina harararsa."

Dama ta samu wata rana bayan azahar. Surukar ta goya jariri ta tafi asibiti, ta bar Ɗigo tana barci a kan tabarma, ta ce daga bakin ƙofa, "Mama, ga ta nan," ba ta jira amsa ba. Kaka ta saurari takunta har ya ɓace a matattakala. Hannun yarinyar ya saki, Mai Aljihu yana kwance a gefenta da idanunsa na maɓalli suna kallon silin. Kaka ta sunkuya ta zare shi a hankali. Ta ji kamar ɓarauniya, amma ta ce wa kanta mai ɗaukar kayansa ba sata ya yi ba.

Ta zauna a bakin gado, ta ɗauko reza, ta matsa kusa da taga don haske. Ɗinkin yana da kyau, wannan ma ya ba ta haushi: ƙanana ne, a jere, an bi sau biyu don kada yaro ya farke. Ta bi shi zare bayan zare. Ta cire kai, ta cire hannuwa, ta buɗe ciki. Abin da aka cusa a ciki ya zubo mata a cinya. Ashe sauran rigar ce, hannuwanta da bayanta da wuyanta, an yayyanka su ƙanana-ƙanana don tsanar ta yi laushi. Uwar Bola ba ta zubar da ko ƙyalle ɗaya ba.

Kaka ta shimfiɗa guntayen a kan gado tana neman ta haɗa su. Ta sa wannan nan, ta sa wancan can, ta juya, ta sake. Wani yanki ya yi siffar ƙafa, wani ya yi da'ira, sauran kuwa kamar an tsinke ganye. Ba ta san me ta zaci za ta samu ba. A ranta dai gani take in ta warware ɗinkin yarinyar nan rigar za ta dawo. Ta tsinto wani guntun da ta gane na wuya ne, ta kai hancinta, ta rufe ido, ta ja numfashi.

Ƙamshin sabulu ta ji, da na ayaba, da ɗan ƙarnin madara irin na wuyan yaro. Ashe an wanke rigar tas kafin a ɗinka. Mutumin da take nema ya bar cikinta tun tana can wurin jinya.

Aljihun ne kaɗai ya rage cikakke. Ta ɗauke shi, ta ji abu a ciki. Ta zura yatsu biyu ta zaro rabin gasasshen burodi mai sukari, da shatin ƙananan haƙora a gefensa. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Duk tsawon kwanakin nan da take ƙyamar kiyashi da ɓurɓushi, bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa aljihun aikinsa na da ya koma.

"Kaka?"

Ɗigo ce a tsaye a tsakar ɗaki, shatin tabarma a kumatunta. Ta dubi gadon. Ta dubi kan Mai Aljihu da ya zama fanko, ido ɗaya yana reto da zare. Ta dubi rezar. Ba ta yi kuka nan da nan ba, sai da ta matso ta taɓa ƙafar tsanar da yatsa, kamar mai son ta tashe shi. Sannan ta ɓare baki. Kaka ta raini yara da yawa, ta san kukan yunwa da na rigima da na faɗuwa, amma wannan irin ba ta taɓa jawo shi da hannunta ba.

"Yi shiru, zo nan, zo in faɗa miki..."

Yarinyar ta ja da baya har ta bugi ƙofa, ta fita da gudu ta shige ƙarƙashin teburin falo. A can uwarta ta same ta, muryarta ta dushe, tana shessheƙa.

Surukar ta shigo ɗakin da goyo a bayanta. Ta dubi gadon, ta dubi tsohuwar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi.

"Ni na yanka rigarki ban sani ba, Mama. Ke kuwa kina sane. To ga ta nan, kin samu. Ki sa."

Ta kwashe tabarmar Ɗigo da filonta ta kai ɗakinsu. Ta dawo ta kwashe kwalayen da suka rage, har na saman kabad. Ɗakin ya zama fayau, yadda Kaka ta daɗe tana so.

Ɗigo ta daina shiga ɗakin. In Kaka ta fito falo, sai ta tattara kayan wasanta ta koma bayan uwarta, tana leƙe da ido ɗaya. Uwar ta ɗinka mata wani abu da tsohuwar safa, ta karɓa ba yabo ba fallasa, amma in za ta je banɗaki sai ta ɓoye shi a ƙarƙashin riga tana kallon Kaka. Ɗan kuwa ya ƙara yawan sayen kati.

Kaka ta yi kwanaki tana kallon guntayen nan a cikin leda. Wata safiya ta zazzage su, ta nemo allura da zare, ta koma bakin taga. Ta lashi bakin zaren, ta saita, ta tura, ya wuce ta gefe. Ta sa maganin ido, ta goge tabarau, ta sake. Ta yi ta yi har wuyanta ya ƙage, ramin allurar nan ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ta zagi allurar, ta zagi masu ƙera ta. Daga ƙarshe ta miƙe.

Surukar tana kicin tana danna bakin kofi a kan busasshen burodi. Ta ji tsayuwar mutum a bayanta, ta ƙi juyowa. Kaka ta tsaya, ta tsaya, maganar da ta shiryo tun daga ɗaki ta maƙale. Sai kawai ta miƙa hannu.

"Zare," ta ce.

Surukar ta dubi allurar, ta dubi fuskar tsohuwar. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta zura zaren a tashi ɗaya, ta ja shi da tsawo ta ƙulle bakinsa. Ta ɗauko wasu allurai biyu daga gwangwanin da take ajiya, su ma ta zura musu, ta soke su a guntun kwali ta miƙa.

"Ta ciki ake ɗinkewa, sannan a juyo shi," ta ce. "Kan ne ƙarshe." Ta koma ga burodinta.

"Na san ɗinki tun ba a haife ki ba."

"To."

Yini guda Kaka ta yi a kai, ta soke yatsa ba adadi. Da ta gama, ita kanta ta san abin bai yi ba. Kan ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, cikin ya yi ƙulli-ƙulli, ido ɗaya ya haura goshi. Aljihun ne kawai ta zauna ta ɗinka a tsanake, ya zauna daram a inda yake.

Ta sami Ɗigo a falo tana jera murafun kwalba. Ta durƙusa da ƙyar, ta miƙa mata.

"Ɗigo, ga Mai Aljihu ya warke."

Yarinyar ta kai hannuwanta baya. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, a natse, yadda uwarta take duba ayaba a kasuwa.

"Wannan ba shi ba ne."

"Shi ne mana. Ga aljihunsa."

"Ba haka fuskarsa take ba. Kin yanka shi, na gan ki. Ki riƙe abinki."

Ta kwashi murafunta a siket ta shige kicin. Kaka ta dubi ƙofar kicin ɗin ko uwar za ta sa baki. Ba abin da ya fito sai ƙarar kasko. Ta dafa kujera ta miƙe, ta koma ɗakinta da abinta, tunda abinta ta ce a ba ta.

Ta jingina shi a kan filo. Da safe shi take fara gani, da karkataccen kansa da idonsa na goshi, ba riga ba, ba kuma abin wasan kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ƙamshin sukari yana tashi daga kicin, Kaka tana zaune a bakin gado sai ta ga inuwa a ƙofa. Ɗigo ce. Yatsun ƙafarta sun tsaya daidai bakin dokin ƙofa, ba su ƙetare ba. Ta sunkuya ta ajiye rabin biskit a ƙasa, ta tura shi ciki da ɗan yatsa.

"Ba naki ba ne," ta ce, fuska a murtuke. "Nasa ne. Kullum ba kya ba shi abinci."

"To shigo ki ba shi da kanki," in ji Kaka. "Shigo, ba abin da zan yi."

Yarinyar ta girgiza kai. Ta dubi hannuwan Kaka, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ta tafi.

Kaka ta sauko daga gado, ta ɗauki biskit ɗin, ta hure masa ƙura. Da ɗuminsa. Ta buɗe aljihun da yatsa ta saka shi a ciki, ta bar tafin hannunta a kai, tana sauraron muryar yarinyar can a kicin tana tambayar uwarta ko akwai saura.